Ku Tambayi Nas: Na'urar Danshi a Ɗakin Kwana Lokacin Hunturu

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sanyi. Tun da hunturu ya kankama, saƙonnin da ke shigo mini suka koma magana ɗaya: hanci ya bushe, maƙogwaro na ƙaiƙayi, leɓe ya tsage, yara na tari da dare. Bana kuma wani sabon abu ya shigo cikin tambayoyin, wato na'urar nan mai fitar da hazon ruwa da 'yan kasuwa ke kira humidifaya, wadda ake tallarta a WhatsApp da shagunan kayan ɗaki a nan Birnin Kebbi. Na tsamo waɗanda suka fi wakiltar sauran, na ɗan taƙaita su saboda fili.

TAMBAYA: Hajiya, ina gaisuwa. Ina da jaririya 'yar wata biyar. Tun shigowar sanyi hancinta ke toshewa da dare, ta kama nono ta saki tana kuka. Maigidana ya sayo mana na'urar danshi, muna zuba mata ruwan burtsatse, kuma gaskiya an samu sauƙi. Sai dai na lura wata farar ƙura na kwanciya a kan talabijin da madubi. Ga surukata ta ce wannan hayaƙi mai sanyi shi zai sa wa yarinya ciwon haƙarƙari. In ci gaba ko in daina?
Daga wata uwa a Badariya, Birnin Kebbi.

AMSA: 'Yata, Allah Ya raya mana ita. Bari in fara da dalilin da ya sa kika ga sauƙi, don ki san aikin da na'urar ke yi da wanda ba ta yi.

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ta ratso Sahara, kuma yawancin ƙurar da take ɗauko mana daga kwarin Bodele ne a ƙasar Chadi. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa cikin Maris danshin iska a nan kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana, alhali abin da masana lafiyar muhalli ke so a cikin ɗaki shi ne tsakanin kashi 30 zuwa 50. Cikin hanci akwai 'yar majina siririya da ke kama ƙura da ƙwayoyin cuta tana tura su waje. Idan iska ta bushe sai majinar nan ta yi kauri ta daskare. Babba zai fyace ko ya buɗe baki ya yi numfashi. Jaririn wata biyar da hanci ya fi yin numfashi, kuma ba ya iya fyacewa, shi ya sa take sakin nono. Na'urar tana mayar wa iska ɗan ruwan da ta rasa, majinar ta yi laushi. Iyakar aikinta ke nan. Ba ta kashe ƙwayar cuta, ba ta tace ƙura.

Farar ƙurar da kika gani ta nuna mini irin na'urar da ke hannunki. Iri uku aka fi samu. Akwai mai tafasa ruwa ta fitar da tururi mai zafi. Akwai mai fanka da ke hura iska ta cikin wani jiƙaƙƙen matacin soso. Sannan akwai wadda ta cika kasuwa saboda arha da rashin ƙara, mai wani ɗan faranti a gindinta da ke karkarwa da tsananin sauri har ya farfasa ruwa ya zama hazo mai sanyi. Taki ita ce ta ukun. Biyun farko ruwa zalla suke sakewa, gishirin ƙasa ya tsaya a tukunyar ko a matacin. Ta ukun kuwa ba ta zaɓe. Duk abin da ke narke cikin ruwan tare da shi take watsawa. Ruwan burtsatse ya ratso duwatsu, yana ɗauke da sinadaran ƙasa irin su kalsiyam da magniziyam, su ne kike gani sun yi farin ɓawo a gindin butar shayi. Hazon na bushewa a iska sai su zama ƙura, su sauka kan madubi. Abin da ya sauka kan madubi kuwa ya bi ta gaban hancin 'yarki, kuma laushinsa ya isa ya kai can cikin huhu. Ga babba mai lafiya yawanci ba ya yin wani abu. Ga jaririya ban yarda a yi sakaci da shi ba.

Saboda haka ruwan za ki canja. Mafi kyau shi ne tataccen ruwan da aka samu daga tururi, wanda ake sayarwa a manyan kemis da wuraren kayan ɗakin gwaji. Kada maigidanki ya je wurin masu cajin batir ya ce a ba shi ruwan batir don ya ji an ce tatacce ne. A wurin nan ana ajiye shi kusa da asid, wani ma an riga an gauraya, kuma da ido ba a bambancewa. Idan tataccen ya yi tsada, ki gwada ruwan leda ko na gora daban-daban ta wannan hanya: ki ɗiga cokali ɗaya a kan baƙin faranti ko gilashi ki bar shi ya bushe. Wanda ya bar farin zobe mai kauri ki ajiye shi, wanda bai bar komai ba sosai shi za ki riƙa zubawa. Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, kuma yana da kyau ki yi, amma ba ya raba shi da duk abin da ya narke a ciki.

A nan zan yi magana da masu karanta mu a maƙwabta, wajen Anka da Bukkuyum a Zamfara, da duk inda ake niƙa dutsen zinare. Mun san abin da gubar dalma ta yi a 2010, yara sama da 400 suka rasu. Dalma ba ta fita da tafasawa. Wanda ke zaune a irin wannan wuri kada ya kuskura ya zuba ruwan rijiya a na'urar hazo mai sanyi.

Sai wanki, wanda shi ne inda yawancin mutane ke faɗuwa. Kin san santsin nan da ke kama cikin randa idan an kwana biyu ba a ɗauraye ta ba? Irinsa ne ke kama tankin na'urar, tarin ƙwayoyin cuta ne da fumfuna. Na randa ciki yake shiga, shi kuwa ciki yana da nasa kariya. Na na'ura huhu yake shiga kai tsaye. Akwai zazzaɓi da tari da ake samu daga ƙazamar na'ura har likitoci suka sa masa sunanta. Kullum da safe ki zare ta daga wuta, ki zubar da ragowar ruwan, ki ɗauraye, ki kife tankin ya bushe. Kada ki ƙara sabon ruwa a kan na jiya. Duk bayan kwana uku ki zuba farin ruwan khal a gindinta, wajen ɗan farantin, ki bar shi kamar minti ashirin zuwa talatin, ki goge lungunan da tsohon buroshin haƙori mai tsabta, ki ɗauraye har sai warin ya fita. Idan takardar da ta zo da ita ta ce a yi amfani da bilic, ki bi awon da aka rubuta, ki ɗauraye sau da yawa, kuma kada ki haɗa bilic da khal a lokaci guda, haɗuwarsu na fitar da iska mai guba.

Ki ɗora ta a kan tebur, nesa da gadon da kamar taku biyu, bakinta na kallon tsakiyar ɗaki. Kada ta kusanci soket, kada wayarta ta sauko inda yaro mai rarrafe zai ja.

Game da maganar Inna, surukarki: ciwon haƙarƙari ƙwayoyin cuta ke kawo shi, hazon ruwa mai tsabta ba ya haifar da shi. Amma kada ki yi watsi da ita, don tsoronta na da tushe. Idan na'urar na fesawa a kan yarinya har zanen gado ya yi laima a daren da ake sanyi, an cutar da ita. Idan tankin ya yi datti, nan ma an cutar da ita. Ki kira Inna ta ga yadda kike wanke ta da inda kika ajiye ta, ta taɓa shimfiɗar ta ji a bushe. Na ga gidaje da dama inda kakar ce daga baya ta zama mai tuna wa uwar wankin na'urar.

Abin da ya fi na'urar saurin aiki ga toshewar hanci shi ne ɗigon ruwan gishiri na jarirai da ake sayarwa a kemis, wanda ba a haɗa shi da wani magani ba. Ɗigo ɗaya ko biyu a kowane hanci kafin ki ba ta nono. Ki yawaita shayarwa. Kada ki shafa mata man zafi a hanci ko a ƙirji, yana ƙara wa jarirai wahalar numfashi. Sannan ki koyi ƙirga numfashinta idan tana kwance shiru, ki ɗaga riga ki kalli cikin na minti ɗaya cur. A shekarunta, daga wata biyu zuwa shekara ɗaya, numfashi 50 ko fiye a minti ya yi yawa. Idan kin ga haka, ko ƙasan haƙarƙarinta na lomawa ciki in ta ja numfashi, ko ta ƙi nono gaba ɗaya, ko jiki ya yi zafi, ki bar batun na'ura ki kai ta asibiti a ranar.

TAMBAYA: Inna, ni malamin firamare ne, iyalina bakwai. Wuta ba ta zama a unguwarmu, kuma ko tana zama albashina bai kai ga wannan na'ura ba. Wani abokina ya ce in ajiye baho cike da ruwa a ɗaki ya wadatar. Gaskiya ne? Muna kuma shiga da kaskon garwashi idan sanyi ya yi tsanani.
Daga wani malami a Jega.

AMSA: Malam, kafin baho bari in fara da kaskon, don shi ne ya tsaya mini a rai. Gawayi da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi. Tana kama jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi. Mutum ya fara da ciwon kai da jiri da kasala, barci ya ɗauke shi, shi ke nan. Garwashin da ya yi ja ya daina hayaƙi shi mutane ke ganin ba komai, kuma shi ma yana fitar da ita. Ku ji ɗumin kaskon a tsakar gida ko a baranda, a fitar da shi kafin kowa ya kwanta, yara su sha bargo da safa da hula. Haka janareto, kada a tashe shi a zaure ko a gindin tagar ɗakin kwana.

Baho kuwa yana taimakawa, amma kaɗan ƙwarai. Tunda kai malami ne bari mu yi lissafi. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12, idan ɗuminsa ya kai digiri 25, kana so ka ɗaga danshinsa daga kashi 15 zuwa 40, ruwan da iskar ɗakin za ta sha bai wuce rubu'in lita ba, wato kusan rabin ledar fiya wata. Sai ka ga kamar abu mai sauƙi. Matsalar ita ce iskar ɗaki ba ta zama wuri ɗaya. Tana fita ta ƙasan ƙofa da jikin taga da tsakanin kwano da bango, busasshiya na shigowa a madadinta. A ɗaki irin namu sai ka sake ba ta wannan adadin kusan kowace awa. Kafin asuba ana maganar lita biyu ko kusa da haka, kuma shi ya sa ake yin tankunan na'urorin da lita biyu zuwa huɗu. Yanzu ka cika bahonka da dare, ka yi alama da alli a bakin ruwan, ka duba da safe. Da ƙyar za ka ga ya sauka.

Ruwa ta fuskarsa yake tashi, don haka faɗin fuskar za ka ƙara. Ka sa a jiƙa tsohon zane ko babban tawul, a matse shi yadda ba zai ɗiga ba, a shanya a igiya cikin ɗakin. Zane ɗaya gaba da baya ya ninka fuskar baho sau da yawa. Wanda ya fi wannan: a rataya zanen yadda lezarsa za ta nutse cikin bahon, yana jan ruwa da kansa yana saki har gari ya waye. Idan uwargida ta yi wankin yamma, a shanya kayan yara a ɗaki maimakon waje, an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Sharuɗɗa uku ne kawai. A sa zanen nesa da inda ake kwance, domin tashin ruwa na ƙara sanyi a kusa da shi. A wanke shi a shanya a rana, kada ya yi warin ruma. Idan kuma akwai yaro mai rarrafe ko tatata, a manta da baho a ƙasa gaba ɗaya, ɗan ruwa kaɗan ya isa ya halaka yaro, ga shi kuma ruwan da ya daɗe a ajiye gidan sauro ne.

Ka toshe kafofin da ke ɓangaren gabas da arewa da tsumma, ta nan iskar ke shigowa da ƙura, ka bar 'yar kafa a ɗaya ɓangaren don iska ta riƙa canjawa. A yayyafa ruwa kafin shara yadda iyayenmu ke yi, a goge kayan ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma maimakon kakkaɓewa. Ni a ganina gidan da ya riƙe waɗannan ya fi gidan da ke da na'ura mai tsada da ba a wankewa. In wata rana hali ya samu, mai hazo mai sanyi wutar da take ci ba ta wuce wat 20 zuwa 40 ba, ƙaramar sola na ɗaukarta. Mai tururi tana cin ɗaruruwa. Ƙananan nan masu kamar kofi da ake jonawa a cajar waya kuwa ba su isa ɗaki ba, kada ka ɓata kuɗinka.

TAMBAYA: Anti, ni amarya ce, cikin kayan ɗakina aka sa mini ita. Mai shagon ta ce in riƙa ɗiga humra ko turaren mai a ruwan, ɗaki ya ɗauki ƙamshi. Wata ƙawata kuma tana sa Dettol kaɗan wai don kashe cuta. Ina da ciki wata huɗu. Akwai matsala?
Daga wata amarya a Argungu.

AMSA: Amarya, Allah Ya sauke ki lafiya. Akwai matsala, kuma ina roƙonki ki nuna wa ƙawarki wannan shafi yau ɗin nan.

A shekarar 2011 likitoci a Koriya ta Kudu suka rasa gane wani ciwon huhu da ke kwantar da mata masu ciki da masu jego da ƙananan yara. Huhun ya taurare, numfashi ya gagara, magani ya ƙi ci. Da aka bi diddigi sai aka gano kusan duk gidajen suna zuba wani ruwan kashe ƙwayoyin cuta a cikin na'urar danshi, wanda aka yi shekaru ana sayarwa a fili a shaguna don wannan aikin. Babban sinadarin da ke ciki ana kiransa PHMG. A kan fata ko a ƙasan ɗaki bai nuna wata illa mai yawa ba, amma da na'ura ta mayar da shi hazo aka shaƙa dare bayan dare, sai ya lalata huhu. Gwamnati ta janye shi daga kasuwa a shekarar, amma abin ya jawo asarar rayuka sama da dubu, wasu dubbai kuma suka rage da ciwon. Iyayen da suka zuba shi tsabta suke nema wa 'ya'yansu, irin niyyar ƙawarki.

Ban ce Dettol ko Izal sinadarinsu ɗaya da wancan ba. Abin da nake cewa shi ne an yi su ne don wanke ƙasa da kaya da fata, ba wanda ya yi su don a shaƙa awa takwas. Ruwa kawai ake zuba wa na'urar danshi. Ba maganin kashe cuta, ba man zafi, ba gishiri, ba kanumfari.

Humra da turaren mai su ma haka. Akwai mai a ciki, akwai sinadaran ƙamshi, wasu da barasar turare, kuma mai haɗawa ba ta rubuta miki abin da ta zuba ba. Mai idan ya shiga huhu ba ya fita da sauƙi. Yana kuma cin robar tankin ya toshe ɗan farantin. Na san darajar ƙamshi a ɗakin amarya, ba zan ce ki bari ba. Humra a jiki da tufafi aka san ta, ki bar ta a nan. Turaren wuta ki yi shi da hantsi, taga a buɗe, ki turara kaya da labule, hayaƙin ya fita kafin dare, ƙamshin zai zauna. In Allah Ya kawo jaririn, a daina turara ɗakin da yake kwance yana ciki.

TAMBAYA: Malama, bara sanƙarau ya yi mana ɓarna a nan. Ɗana da ke Abuja ya ce zai aiko da wannan na'ura, wai bushewar iska ce ke kawo ciwon, in an jiƙa iska ba zai kama jikokina ba. Haka ne?
Daga wani dattijo a Gwandu.

AMSA: Baba, ina miƙa ta'aziyya a gare ku da mutanen Jega da Aliero, waɗanda annobar farkon 2025 ta fi taɓawa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Ɗanka ya kama rabin gaskiya. Muna cikin yankin da ake kira ɗamarar sanƙarau, wanda ya taso daga Senegal ya kai Habasha. A wannan yanki ciwon da rani yake tashi, ya tsananta daga Fabrairu zuwa Afrilu, ya lafa da saukar ruwan sama. Ƙwayar cutar tana zama a maƙogwaron mutane da yawa ba tare da ta yi musu komai ba, tana yawo daga wani zuwa wani ta tari da atishawa da kwana a cunkushe. Masana na ganin busasshiyar iska da ƙura na raunana fatar maƙogwaro, ƙwayar ta samu hanyar shiga jini. Amma daga nan zuwa cewa na'ura a ɗaki ɗaya za ta kare yaron da ke wuni a makaranta da kasuwa da masallaci, tazarar na da yawa, kuma babu likitan da zai ba ka ita a matsayin kariya. Tsorona ma shi ne a rufe ƙofa da taga ruf don kada danshi ya fita, yara takwas na kwance a ɗaki ɗaya. Wannan shi ne yanayin da ciwon ya fi so.

Kariyar da aka tabbatar ita ce allura. Mun ga annobar 1996, mun ga ta 2017 da ta faro daga Zamfara da nau'in da ake kira C, a lokacin da allurar da aka yi wa jama'a a baya ta nau'in A ce kawai. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar Men5CV, mai kariya daga nau'i biyar a lokaci guda. Ka sa a je asibitin da ke kusa da ku da katin kowane yaro a tambaya, kuma duk ranar da masu rigakafi suka shigo gari ka zama na farko da zai fito da jikokinsa. Dattijo irinka in ya fito, unguwa za ta biyo.

Zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, sanƙarewar wuya, amai, ƙin haske, ruɗewa ko suma, a jariri kuma kumburin maɗiga da kuka marar daɗi: wannan ciwo na iya kisa cikin kwana ɗaya, kuma allurar asibiti na warkar da shi in an zo da wuri. Kada a tsaya jiƙe-jiƙe, kada a jira gari ya waye. In ɗanka ya aiko da na'urar ku karɓa, za ta rage wa yara bushewar hanci, bisa sharuɗɗan wanki da na faɗa a sama.

TAMBAYA: Mama, ina da asma, kuma haɓo na yawan zubo mini a wannan lokacin. Na'urar za ta yi mini amfani?
Daga wani ɗalibi a Aliero.

AMSA: Ɗana, ga haɓon za ta iya taimakawa, domin yawancin haɓon hunturu daga bushewa da tsagewar fatar gaban hanci ne. Ka riƙa shafa bazilin ɗan kaɗan a bakin hancin da dare, kada ka cusa shi can ciki, ka bar ƙwaƙule hanci. In jini ya zubo kada ka ɗaga kai sama yadda aka saba, jinin maƙogwaro yake bi ka haɗiye. Ka zauna, ka ɗan sunkuya gaba, ka matse tattausan ɓangaren hancin da yatsu biyu minti goma zuwa sha biyar ba tare da sakewa kana dubawa ba. In ya wuce minti ashirin zuwa talatin bai tsaya ba, ko yana dawowa a kai a kai, ka je a duba ka har da awon jini.

Ga asma sai da taka-tsantsan. Abin da ke tayar da ita yanzu ƙura ce da sanyin asuba da hayaƙin ƙona bola da tattakar shinkafa, kuma na'urar ba ta cire ko ɗaya daga iska. In ta yi datti ko ta jiƙa ɗaki fiye da kima sai ta ƙara maka fumfuna da ƙananan ƙwarin katifa da ido ba ya gani, su kuma manyan abokan gabar mai asma ne. Idan za ka yi amfani da ita ka sayi ɗan ma'aunin danshi mai batir, wanda ke nuna lamba, ka kashe ta in ya kai 50. In ka ga ƙirjinka ya fi matsewa a daren da ka kunna, ka daina. Inhelarka ta kasance a aljihu kullum, ka sa takunkumi ranar da hazo ya rufe gari, musamman a kan babur.

TAMBAYA: Hajiya, mu da ke bakin kogi muna buƙatarta kuwa? Kuma yaushe ake daina kunnawa?
Daga wata ma'aikaciya a Yawuri.

AMSA: 'Yar'uwa, kusa da kogin Neja dare ya fi ɗan laushi, amma in iskar hunturu ta taso da ƙarfi har ku tana busarwa. Ma'aunin danshi ne zai raba gardama: ƙasa da 30 ki kunna, ya kai 50 ki kashe. In babu ma'auni, ki duba gilashin taga da bango da safe, kika ga raɓa ko kika ji katifa ta yi laima to ta yi yawa. Watannin Maris da Afrilu zafi ne amma iskar a bushe take, musamman a ɗakin da ake kunna AC, don haka tana iya yin amfani har lokacin. Da iska ta juyo daga kudu hadari ya fara haɗuwa, wajen Mayu zuwa Yuni, aikinta ya ƙare. Ki wanke ta da khal, ki bar ta ta bushe sarai har lungunanta, ki mayar da ita kwalinta. In mai matacin soso ce ki jefar da tsohon matacin, ki sa sabo a Nuwamba.